Ruwan Adar a Bencin Abijan

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A kasuwar Tawa, inda nake ɗinkin takalma, mutum zai kawo tsinkakken takalmi, ya zauna a kan gwangwani, ya ce, "To Nomau, ƙaƙa Abijan?" A ajinmu na yaƙi da jahilci ma haka ne. Har malaminmu, wanda muke kira Mushe Adamu irin na Faransanci, ya ce tun da bakina ya gaji, in bar hannuna ya karɓi aikin. Na ce hannuna bai saba ba. Ya ce hanyar ma ban saba da ita ba, kuma na je na dawo. To ga shi ina rubutawa, a hankali, yadda nake yin komai.

Abin da ya sa ake damuna shi ne, cikin duk tsarata na ƙauyenmu Bambeye ni kaɗai ne ban taɓa fita ci rani ba. Ni ne ɗan fari, mahaifinmu ya rasu da wuri, sai na tsaya kusa da gida. Tawa ce iyakata. Ƙanena Sahabi, autan Inna, shi ne ya tafi Abijan, yana sayar da acheke da soyayyen kifi. Acheke garin rogo ne da ake turarawa, kamar dambu amma da ɗan tsami.

Mu ba wasiƙa muke aika wa juna ba, kaset ne. Mutum ya zauna gaban rediyo ya yi gaisuwa, ya ba mai zuwa gida. Kaset ɗin Sahabi ya iso da bazara, a shekarar da aka karya darajar sefa. Na kai wa Inna can Bambeye, muka sa a gindin itacen bedi. Ya gaida kowa har da jakin gida, ya ce lafiyarsa lau. Amma maganar tana yankewa. Ya yi kalma kaɗan, sai ka ji ƙas, sai ya ci gaba daga wani wuri. Na ce batir ne ya yi sanyi.

Inna ta ce, "Maida baya."

Na mayar. Ta kara kunnenta jikin rediyon, ta rufe ido.

Ta ce, "Ba batir ba na. Yaron ga tsaida shi yake yi, shi yi tari, sannan shi ci gaba. Saurara, in ya dawo muryatai a jiƙe take."

Inna ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari. Ta ce, "Kai wanga, ka tahi ka ɗauko mini shi. In mutuwa ta, shi mutu nan inda zan ruhe mai ido." Ba ta ambaci ɗaya ciwon ba, ni ma ban ambata ba. Amma kowa a yankinmu na Adar ya san abin da ake faɗa a kan wanda ya dawo daga kudu da tari da rama. Sida ake cewa, wato ƙanjamau, a hankali, bayan an duba hagu da dama.

Wani ɗan kasuwa mutumin Maradi ya sama mini wuri a kamyon albasa, babbar motar kaya. A kan buhuna muka zauna, sama, kusa da wayoyin lantarki. Duk wanda ya ce ya san warin albasa bai kwana a kanta ba. Har yau in na buɗe jakata sai idona ya yi ruwa.

Abokin zamana wani Buzu ne daga wajen Tebaram, sunansa Agali, zai tafi aikin gadi. Ba ka sanin yana barci ko idonsa biyu, don rawaninsa ya rufe komai sai wata 'yar tsaga. Bayan Dosso ya ce shi ba zai ƙara jiran direba ya ga damar tsayawa ba, zai dafa shayinsa. Ya hura gawayi a ɗan murhun waya, mota tana gudu. Iska ta ɗauke garwashi ɗaya ta jefa tsakanin buhuna. Ba mu gani ba sai da ƙamshin gasasshiyar albasa ya tashi. Direba ya taka birki ya diro yana salati, ya buɗe gaban mota yana neman inda ke ƙonewa. Agali ya zauna a kan ramin da wuta ta yi, ya shimfiɗa rigarsa, ya leƙa ƙasa yana tambaya da ladabi, "Lafiya, maigida?"

Wasu mutum biyu a bayanmu tun daga Ƙonni suke gardamar jam'iyya. Kowane gari muka shiga, ɗaya ya nuna tutarsu, ɗaya ya nuna tasu. Ni hankalina yana kan allunan bakin gudron, wato titin kwalta. A aji ina karanta kalma sai in na tsaya a kanta na numfasa. A mota kuwa, kafin in haɗa harafi na biyu da na uku allon ya wuce. Haka na ratsa ƙasashe da rabin sunayen garuruwa a bakina. Ina ƙarasa musu sauran da kaina, in gina garin a zuci, in sa masa kasuwa da rijiya. Wasu garuruwan da na fi so a tafiyar nan ban tabbata akwai su ba.

A iyakar Burkina aka sauke mu, aka jera. Jandarma ya duba takarduna, ya turo mini tawadar dangwale. Na ce masa ina sa hannu. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya miƙo biro. Na fara. Harafin farko ya fito da kyau. Na biyu ya yi kamar ƙwai da aka taka. Layi ya tsaya, rana tana dukan mutane, ni kuma na ƙi gaggawa, don Mushe Adamu ya hana mu. Da na gama jandarman ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi, "Nomau." Karo na farko ke nan da baƙo ya kira sunana ba tare da na faɗa masa ba. Agali ya ce, "Da ka dangwala, da yanzu muna Wagadugu muna shan shayi."

A Wagadugu abin da ya tsaya mini a ido mata ne a kan ƙananan baburan nan mobilet, goyo a baya, kwando a ka, suna tafiya kamar ruwa a kwari, ba mai kallonsu sai ni. Tuwonsu irin namu ne, sai dai suna sa masa tsami. Masaukinmu ko'ina ƙarƙashin kamyo ne, kowa da tabarmarsa, direba shi ke da wurin da mai ba ya ɗiga.

Daga Bobo zuwa gaba duniya ta sake launi. Ciyawa ta kai ƙirjin mutum, ba mai yanka, ba dabbar da ke ci. Agali ya sauke rawaninsa har haɓa, karo na farko da na ga bakinsa. Ya ce, "Nomau, ta wa ce?" Na ce ban sani ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da awakinsa da suka mutu sun ga wannan, da sun ce an yi musu ƙarya a duniya.

Bayan mun shiga Kodibuwa ruwa ya same mu a wani gari. Na ga mutane suna gudu suna tsaki, kamar an watsa musu abin wanki. Ni na tsaya a fili, na ce wa wata mai sayar da soyayyar ayaba, "Barka da ruwa." Ta ja tirenta gefe. A can ba a yi wa ruwa barka. Albasarmu ma ba ta so shi ba, ta fara ruɓewa daga ƙasa, direba ya daina tsayawa salla sai an roƙe shi.

Abijan kuwa ba zan iya faɗa muku ita daidai ba. Ruwa ne kwance a tsakiyar gari, an ɗora masa gadoji, gidaje sun hau juna har sama. Na riƙa jin kamar ban farka ba tun Bobo. A tasha muka rabu da Agali. Ya ba ni ɗan kofin shayinsa ɗaya, ya ce in na ga ciyawa a mafarki in tuna da shi.

A can kowane ƙauyen Adar yana da ɗakinsa. Ka ce Bambeye, a nuna maka lungu. Ɗaki ɗaya ne na katako, tabarmi a jere, akwatuna a jikin bango. Na lura an ɓare kwalayen da aka toshe tagogi da su, saura ƙusoshi. Aka ce mini likitar tari ce ta sa, wai iska ta riƙa ratsawa.

Na sami Sahabi a bakin titi yana juya kifi a cikin mai. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma a tsaye yake. Ashe kaset ɗin ya daɗe a hanya. Bayan ya yi shi jiki ya kayar da shi, aka kai shi likita, aka ce tarin fuka ne, ya fara shan magani. Yanzu ƙarfi ya soma dawowa. Ya rungume ni, ya ja ni ɗaki, ya nuna mini akwatinsa an riga an ɗaure da igiya.

Ya ce, "Yaya, Allah ne ya kawo ka. Ruwa ya kusa. Da an ce ya sauka sai gida, ni da kai."

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce aikina ya zo da sauƙi.

Da safe na raka shi shan magani, don a gaban ma'aikaci ake haɗiyewa. Dogon benci ne a ƙarƙashin rumfa, cike da mutanenmu, kamar ranar kasuwar Kalfu. Sai ga likitar tarin, wata mace 'yar ƙasar, gajera, da furfura kaɗan, tabarau na rataye a wuyanta da zare. Mutanenmu suna kiranta Mai Tambaya. Ba ba da magani ne kawai aikinta ba, bincike take yi a kan yadda tarin fuka da sida suke tafiya cikin jama'a. Ta tsaya a gabana ta ce, "Kai baƙo, daga ina kah hito? An yi ruwa Bambeye?"

Na kusa faɗowa daga benci. Hausar Adar ce tsantsa, irin ta maza a tasha, don a bakin marasa lafiya ta koye ta.

Ta kai ni ofishinta. A bango akwai babbar takarda da ta zana da hannunta, ga Tawa a tsakiya, ga Kalfu, ga Tebaram can sama, ga Bambeye. Na karanta su duka, don wannan allon ba ya gudu. Ba ta taɓa zuwa Adar ba. Duk daga bakin mutane ta gina ta, yadda na gina garuruwana a kan albasa. Ta san rijiyar da ke da ruwan zartsi. Ta tambaye ni ko gaskiya ne in ruwan fari ya taɓa ƙasarmu tana yin ƙamshin da mutum zai so ya ɗiba ya ci. Na ce gaskiya ne. Ta ja numfashi kamar tana shaƙa.

Sannan ta faɗa mini abin da ta gano. Shekaru tana ganin mutanenmu suna fara magani da kyau, su samu sauƙi, sai rana ɗaya benci ya bushe. An ce taurin kai ne, an ce bokaye ne. Ita ta riƙa tambaya, mutum bayan mutum, har ta ga bushewar bencin ba ta bin komai na Abijan. Ruwan Adar take bi. Hadari ya zuba a can, direbobi su kawo labari, maza su ɗaure akwati su tafi shuka. Maganin kuwa na watanni ne masu yawa. In an yanke shi a tsakiya tarin yana dawowa, wani lokaci ya dawo ya fi ƙarfin maganin, kuma mutum ya kai shi cikin ɗakin uwarsa.

Wani ma'aikaci da ke gefe ya ce abin da ta rubuta a kan haka likitocin wasu ƙasashe suna karantawa, har suna zuwa su zauna a bencin nan su gani. Ya ce saboda shi ne yanzu ba a fara wa ɗan ci rani magani sai an tambaye shi wa zai noma masa gona. Ta kaɗa hannu. Ta ce, "Rubutu ya tahi nesa, amma benci na nan shina bushewa. Kai, ɗaukar shi kaz zo yi, ko?"

Na ce uwarmu ce ta aiko ni.

Ta ce ba za ta yi gardama da uwa ba. Amma in tuna daga Bambeye zuwa inda ake ba da magani tafiya ce, cikin damina, a shekarar da ma'aikata ke yajin aiki, yau a samu gobe a rasa. Ta ce akwai sauran magana, amma ta Sahabi ce, shi zai faɗa in ya so.

Ya faɗa mini da la'asar, a bakin teku. Ya ce in zo in ga ruwan da ba shi da ƙetare. Muka zauna a kan yashi. Abin yana zuwa yana komawa, yana numfashi kamar saniya mai barci. Sahabi yana kallonsa ya ce, "Yaya, an duba jinina. Akwai wancan ɗin ma."

Na ɗora hannuna a bayansa, na ji ƙasusuwa.

Ya ce likita ta gaya masa gaskiya. Wancan ba ta da maganinsa. Tarin kuwa yana warkewa ko da wancan a jiki, in an sha magani har ƙarshe, kuma mutum yana iya samun sauran kwana masu daɗi. In an yanke, su biyun sukan haɗu su gama da mutum da wuri. Ya ce, "To in haka ne, ba gara in tahi in ga Inna ba? In shuka gonata ko sau ɗaya?"

Ba a daɗe ba labari ya zo. Wani direba ya shigo lungu tun bai kashe mota ba yana cewa an yi ruwan shuka daga Kalfu har Bambeye. Ɗakin ya rikice. Maza suna jan akwatuna, wani yana waƙar noma, wani yana neman takalminsa. Ni kaina na ji ƙamshin ƙasar nan a hancina, a tsakiyar warin kifi.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba, Hamidin, wanda tabarmarsa ke bakin taga. Tare muka yi kiwo da shi muna yara, amma da na zo ban gane shi ba. Ya yafito ni. Ya ce shi ma ya ji sauƙi ya tafi shuka, ya dawo ya sake farawa, ya sake tafiya. Yanzu yana haɗiyar maganin kamar tsakuwa, ba ya yi masa komai. Ya ce, "Na noma geron, Nomau. Ƙaramar ɗiyata ta kama tarin kahin a yi girbi." Ya juya fuskarsa wajen taga.

Ban taɓa saɓa wa Inna ba. In na bar shi, yana iya mutuwa a nan, baƙi su rufe masa ido, kuma ni zan tsaya gabanta in faɗa. In na tafi da shi, na cika aike, na kuma san abin da na ɗauko. Na durƙusa gaban akwatin Sahabi na fara kwance igiyar. Ƙulli ne mai kyau, irin na mahaifinmu, ya ɗauke ni lokaci.

Ya ce, "Yaya, mi kake yi?"

Na ce, "Gonarka ni zan shuka ta. Kai ka tsaya ka gama."

"Inna fa?"

"Ni za ta yi wa hushi. Na fi ka sabawa da shi."

Ya yi faɗa, ya ce ni ɗinkin takalmi na sani, bayana ba zai ɗauki gona biyu ba. Ya yi kuka. Amma ƙane ba ya ɗaure abin da wansa ya kwance. Na naɗe igiyar na sa a jakata.

Kafin in taso muka koma bakin teku da rediyon wani. Na sa sabon kaset, na riƙe rediyon a cinyata, na rufe maɓallin tsayarwa da babban yatsana. Na ce ya faɗa wa Inna komai da bakinsa, kuma ko me ya zo masa a maƙogwaro kada ya nemi yatsana ya ɗaga.

Na je sallama da Mai Tambaya. Bencin ya yi gibi kamar bakin tsoho, amma Sahabi yana zaune a kai. Ta ce in na isa in shaƙa mata ƙasar.

Komowa ba ta da labari. Kamyo ne ba kaya, muna ta karo da juna a ciki. Na iya karanta wasu allunan da na bari rabi, sunayen ba su kai waɗanda na sa musu daɗi ba.

Na isa Bambeye da hantsi, ƙasa a jiƙe, mutane duk suna gona. Inna tana gindin bedi. Ba ta dube ni ba, bayana ta duba, ta daɗe tana duban hanyar. Ta ce, "Ina saƙona?"

Na ajiye rediyo a gabanta na danna.

Ta kara kunne ta rufe ido. Sahabi ya gaida kowa. Ya faɗi tarin, ya faɗi ciwon jinin da sunansa, ya faɗi abin da ya sa ya tsaya. Maƙwabta mata sun taru a bakin darni, na kai hannu zan rage murya, ta buge hannuna. Shi ya sa nake rubuta wannan ba tare da ɓoyo ba, garin duka ya riga ya ji. Can tsakiya tari ya zo masa. Ya yi shi, gajere, busasshe, aka ji ni ina cewa sannu, aka ji shi ya yi dariya ya ci gaba. Har kaset ya ƙare ba ƙas ko ɗaya.

Inna ta buɗe ido. Ta ce, "Wa ke numfashi hakanga bayanai?"

Na ce, "Teku na, Inna."

Ta ce, "Shi ma a ba shi magani."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zaci shi ke nan, fushin ya fara. Sai ta fito da ƙwaryar fura a hannu ɗaya, da 'yar jakar irin gero a ɗaya, wadda ta ɓoye wa Sahabi tun girbin bara. Ta ajiye su duka a gabana, tana kallon wani wuri.

Ta ce, "Kai wanga, sha. In ka gama ka fara da gonar ƙanenka, ƙasa ba ta jira. Kuma ka bar mini rediyon."

Yanzu geron ya fitar da kai, nasa ya fi nawa kyau. Bayana yana ciwo kamar yadda ya faɗa. Maganinsa zai ƙare bayan girbi. Igiyar tana rataye a rumfata, masu kawo takalma suna tambaya ko ta sayarwa ce. Ina ce musu a'a, ta wani ce, zan aika masa in lokacin ɗaure akwati ya yi.